Mu Fita Da Yaranmu Su Ga Ƙasarsu

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau mun ga ya kamata mu faɗe ta a fili, domin malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi su auna ta, su ga ko tana da nauyi. Maganar kuwa ita ce, muna ta karantar da yaranmu labarin ƙasashen da yawancinsu ba za su taɓa takawa ba, amma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunsu mun bar su cikin jahilcinta. Maganin wannan ciwo ba ya buƙatar jirgi, ba ya buƙatar miliyoyin kuɗi. Abin da ya ke bukata shi ne malami mai himma, da ƙafa, da fensir, da yini guda.

Cikin hunturun da ya wuce muna rangadin makarantu a ƙasar Gwandu, sai muka shiga ajin manyan yara na wata makaranta wadda ba za mu ambaci sunanta ba, don laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Muka tambayi yara sunan babban birnin Faransa, nan da nan hannuwa suka tashi sama. Muka tambayi sunan kogin da ya ratsa Masar, suka amsa baki ɗaya. Sa'an nan muka ce, to, wa ya taɓa zuwa hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu? Waɗanda suka ɗaga hannu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Muka ce, me ya sa Shehu ya zauna a Gwandu, kuma shekara nawa ya yi? Aji ya yi tsit. Da muka keɓe da malaminsu, sai ya gaya mana gaskiya, ya ce shi ma bai taɓa zuwa ba. Ba mu ga laifinsa ba ƙwarai, gama mu da muka horar da shi a kwaleji ba mu taɓa kai shi ba.

Da la'asar ta wannan rana muka biya Dalijan, muka sauka gindin wata inuwa don mu huta. Nan muka tarad da wani dattijo, muka gaisa, hira ta yi hira. Tun daga la'asar har aka kira magariba tsohon nan yana ba mu labari: hanyoyin da fatake su ke bi da jakuna kafin zuwan mota, da inda a ke ɗebo ruwa in rani ya yi tsanani, da yunwar da kakanninsa suka ba shi labari da sunan da aka sa mata, da itatuwan da ya tashi ya gani waɗanda yanzu babu su. Da za mu tashi muka ce, “Baba, an taɓa rubuta wannan kuwa?” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai ba wanda ya taɓa zuwa mini da alƙalami.” Tsakanin inuwar nan da ɗakin karatun yara ba wata tafiya ba ce, amma sai ka ce akwai teku tsakaninsu.

Yadda Waɗansu Su Ke Yi

Tun da yaranmu sun san Faransa, bari mu ɗauki misali daga can. Kowa ya san ita ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa samun baƙi masu yawon buɗe ido, har a shekarar 2024 an ƙiyasta sun kai wajen miliyan 100. Amma abin da ya kamata mu lura da shi, ba baƙi suka fara wannan yawo ba, 'yan ƙasa ne. A 1936 aka yi doka a can cewa kowane ma'aikaci yana da hutun mako 2 a shekara ba tare da an yanke masa albashi ba, sai talakawa suka fara fita suna ganin ƙasarsu. A 1947 waɗansu masu son tafiyar ƙasa suka soma sa wa hanyoyin ƙafa alama da ja da farin fenti a jikin duwatsu da itatuwa, yadda mutum zai tashi daga wannan ƙauye zuwa wancan ba tare da ya ɓata ba. A 1982 kuma shugabannin waɗansu ƙananan garuruwa suka kafa ƙungiyar ƙauyuka mafiya kyau na Faransa, suka sa sharaɗi cewa kada mutanen ƙauyen su wuce 2,000, kuma ya zama akwai aƙalla wurare 2 na tarihi ko na halitta waɗanda hukuma ke kiyayewa.

In ka duba abin da irin waɗannan ƙauyuka ke nuna wa baƙo, sai ka yi mamaki. Tsohon ɗakin ibada ne, da wata gada ta dutse, da rijiya, da tudun da a ke hawa a hangi gonaki, da ƙoramar da a ke kamun kifi. Abin da suka fi mu da shi guda ne: sun rubuta labarin kowane abu, sun kafa allo a gabansa, sun share hanyar zuwa, kuma malamansu su kan kai yara su gani tun suna ƙanana. Ba mu kawo wannan misali don a kwaikwayi Turawa ido rufe ba. Mun kawo shi ne don mu nuna cewa ƙaramin gari ba ya rasa abin nunawa, sai dai ya rasa mai nunawa.

Abin Da Ke Hannunmu

To, mu me mu ke da shi? Mu fara da Gwandu kanta. Masu tarihi sun ce asalin sunan daga gandu ne, watau gonar sarauta tun zamanin Kanta na Kabi. A 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka nan da jama'arsa, a shekarar da ƙanensa Malam Abdullahi ya ci Birnin Kabi. Cikin wannan shekara aka yi yaƙin Alwasa, inda Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka haɗu suka karya rundunar jama'a, suka biyo su har bakin Gwandu, alhali garin ba shi da ganuwa. Nan aka tsaya aka yi ta fama har aka kore su, bayan haka ne aka kewaye garin da ganuwa. Shehu yana zaune a Gwandu aka ci Alƙalawa a 1808, sai wajen 1810 ya tashi zuwa Sifawa. Watau a shekarun da aka fi shan wuya, a nan kan daular ya ke.

Da aka raba aikin mulki, sai Malam Abdullahi ya riƙe sashen yamma da kudu. Daga wannan ɗan gari da ke cikin kwari a ke duban al'amuran Nufe da Ilori da Yawuri, har zuwa Sai da Liptako, waɗanda yau ke cikin Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso. Malam Abdullahi ya rasu a 1829, hubbarensa na nan Gwandu. Shi ne mai Tazyinul Waraƙati, da Liya'ul Hukkami wanda ya rubuta wa mutanen Kano a kan ƙa'idodin mulki, da babban tafsirin nan Liya'ut Ta'awili, littattafan da har yanzu a ke karantawa a zaurukan malamai da jami'o'i. Yaƙin Kabawa ya sa wajen 1860 Sarkin Gwandu Aliyu ya koma da zama Ambursa, a 1906 kuma aka mai da fadar Birnin Kabi. Wannan ne dalilin da ya sa Sarkin Gwandu ba a Gwandu ya ke zaune ba. Yara nawa ne za su iya ba da wannan amsa? Akawu nawa ne ma za su iya?

Ga kuma wani abu da ya kamata ya ba mu kunya. A watan Mayu na 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wani Bajamushe mai suna Dokta Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Gwandu bisa aiken Gwamnatin Ingila. Halilu bai yarda sun ga juna ba. Amma cikin 'yan kwanakin da ya yi, wani malamin garin ya ara masa littafin Tarihus Sudan, tarihin Tambutu da daular Songai wanda Abdurrahman Assa'adi ya wallafa wajen 1655. Baƙon nan ya duƙufa kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ya aika da shi Turai. Ta wannan hanya ce malaman Turai suka fara sanin abin da ke cikin littafin, har daga baya aka buga shi a Faris da Larabci a 1898, da Faransanci a 1900. Bart ya kuma bayyana yadda garin ya ke zaune a kwari, tuddai sun kewaye shi, ƙorama ta ratsa tsakiyarsa, ya yabi ayabar garin da albasarsa. Ku duba fa, mutum ya ƙetaro Sahara a kan raƙumi, ya rubuta labarin albasarmu, mu kuwa da mu ke cin ta kullum ba mu rubuta ko layi ɗaya ba.

Ba tarihi kaɗai ƙasar nan ta ke da shi ba. Tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da marmara a bisansu, waɗanda mu ke wucewa a mota ba mu ko waiwaya, masana ilmin ƙasa sun yi nazarinsu, har suka sa wa wani babban shimfiɗin yashi da yumɓu da ke ƙarƙashin wannan yanki sunan Gwandu. Daga cikinsa ne rijiyoyin burtsatse da yawa ke jawo ruwa. Malamin da ya hau ɗaya daga cikin tuddan nan da yaransa da sanyin safiya, zai karantar da darasi uku a tsaye ɗaya: yadda ruwa ke zaizayar ƙasa, da dalilin da ya sa mutane ke kafa gari a kwari, da yadda maharba a ƙasa za su iya tsare wa mahaya hanya a wuri mai duwatsu.

In aka gangara wajen Kalgo kuma, ga fadamar Gulbin Kabi ta shimfiɗu iyakar ganin ido, ga shinkafa, ga masunta da jiragensu da gorunansu, ga Fulani da garkunansu in rani ya yi. Sunan garin ma da sunan itacen kalgo ɗaya ne, itacen da a ke ɗaye ɓawonsa a yi igiya, amma akwai yaran da ke rubuta sunan kullum a bayan littafinsu ba su iya nuna ganyensa ba. Ga gawo mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wanda kowane tsohon manomi ya san gero ya fi kyau a gindinsa. Ga shamuwa mai zuwa da albishirin damina, ga belbela a bayan shanu. Gauraka kuwa da ungulu, waɗanda iyayenmu suka saba gani, yau sai an yi da gaske. Gaba kaɗan ga Aliero da albasarta da masu ɗorinta da suka yi suna, ga Jega da kasuwarta a bakin Gulbin Zamfara. Duk wannan littafi ne buɗaɗɗe, ba a sayar da shi a kanti, ba ya kuma yagewa.

Ko da ya ke mun ce ba ya yagewa, gaskiya akwai shafuffukansa da ke gogewa. Duk inda ganuwar ƙasa ta ke, ruwan sama na cin ta kowace damina, masu gini na ɗiba, masu gona na ƙara kunya ɗaya bisa ɗaya. Takardun da malamai suka bari cikin gafaka, gara ba ta san darajarsu ba. Mafi tsanani duka, dattawa irin wanda muka zauna da shi a Dalijan suna tafiya ɗai ɗai, kowanne ya tafi da abin da ke cikin kansa. Ginin da ya faɗi a kan tā da shi, amma labarin da aka binne tare da mai shi ba ya dawowa.

Amsar Masu Suka

Mun san akwai masu cewa wannan magana ba ta dace da lokaci ba, kuma ba mu raina hujjojinsu ba. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na fari za su ce, ina tsaro? Wannan ita ce magana mafi nauyi. Ba mu manta da abin da ya sami ɗaliban Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ba, kuma ba wanda zai zargi uban da ya ƙi sakin ɗansa. Saboda haka ba mu ce a kwashi yara a shiga daji da su ba. Abin da mu ke cewa, a fara da kusa: cikin gari, da bayan gari inda a ke hangen rufin makaranta, da rana tsaka, da yardar iyaye a rubuce, da sanin hakimi da dagaci da jami'an tsaro. In hakimi ya ce hanya ba ta da kyau, magana ta ƙare, a fasa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma kada tsoron tafiyar mil 50 ya hana tafiyar mil 1. In muka kulle yara cikin aji har su girma ba su san ƙasarsu ba, to, mun ba masu ɓarna abin da ko su ba su roƙa ba.

Na biyu za su ce, ina kuɗi? Tafiya daga makaranta zuwa gindin tsohuwar kuka ba ta cin ko kwabo. Tulun ruwa ne da ɗan guzurin da yaro zai zo da shi daga gida. Tafiya mai nisa, kamar zuwa Gwandu ga waɗanda ba sa kusa, sau ɗaya ce a shekara, ga aji ɗaya, watau ajin ƙarshe. Ƙaramar hukumar da ke iya hayar motoci ranar taron siyasa ba za ta kāsa hayar mota ɗaya don 'ya'yan talakawanta ba.

Na uku za su ce, manhaja ta cika, jarrabawa na tafe, wannan wasa ne. Mu da muka daɗe muna duba takardun yara muna iya shaida cewa yaron da aka ce ya rubuta insha'i a kan abin da bai taɓa gani ba, haddar littafi ya ke zubowa, wanda kuwa ya gani da idonsa, sai ka hana shi ya tsaya. Gani ya kori ji. Yaron da ya auna faɗin gona da taki ya mai da shi mita, ya yi lissafi. Wanda ya zana hanyar da suka bi ya sa gabas da yamma, ya yi labarin ƙasa. Wanda ya tattara ganye iri 10 ya rubuta sunansu da amfaninsu, ya yi kimiyya. Ba a rage manhaja da komai ba, an dai fitar da ita ta sha iska.

Na huɗu, akwai malamai masu tsoron kada ziyarar hubbare ta koma bidi'a. Tsoronsu yana da tushe, kuma Shehu da kansa ya wallafa Ihya'us Sunna don yaƙi da irin wannan. To, ai shi ya sa ya kamata malami ne zai kai yara, ya koya musu ladabin wurin: a yi sallama, a yi wa mamata addu'a, a tuna da aikin da suka yi, ba a roƙon kabari, ba a ɗibar ƙasarsa. Yaron da aka koya wa haka tun yana ƙarami ya fi wanda zai je da girmansa ya kwaikwayi abin da ya ga jahilai na yi.

Akwai kuma masu cewa, to, a kai maza, mata su zauna. Waɗannan sai mu tuna musu da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tana yarinya 'yar shekara 12 aka zo da ita Gwandu. Da ta girma ita ce ta shirya 'yan taru, mata na tasowa daga ƙauyuka a ƙasa, jaji na gaba, su zo su ɗauki karatu su koma su karantar. In an sami malama ko wata dattijuwa ta raka su, ba mu ga abin da zai hana 'yan mata ganin garin da Nana ta yi ƙuruciya a cikinsa ba.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Ga malaman makaranta, roƙonmu shi ne kowace makaranta ta keɓe yini ɗaya a kowane zango. A zango na fari a zaga gari: masallacin da ya fi tsufa, da kasuwa, da maƙera, da marina in akwai, da gidan mai unguwa, a zauna gaban dattawa da ladabi a yi tambaya a rubuta. A zango na biyu, cikin sanyin hunturu bayan an kai amfanin gona gida, a fita bayan gari, a hau tudu ko a gangara fadama. A zango na uku a tara abin da aka samo, a gyara shi. Wajibi ne malami ya fara zuwa shi kaɗai ya ga wurin, ya san tambayoyin da zai yi, kada ya je yana dube-dube kamar yaransa. Kowane yaro ya riƙe fensir da takarda. In an gama aiki, a bar su su yi tsere, su yi langa, su yi kokawa a kan rairayi, gama jikin yaro ma yana da hakki. Ruwa kuwa, kada a bar kowa ya shiga sai da izinin Sarkin Ruwa da masunta a tsaye.

Abin da yara suka rubuto, a zaɓi mafi kyau a kwafe shi cikin babban littafi guda, a kira shi Littafin Gari, a ajiye a ofishin hedimasta, kowace shekara a ƙara. A rubuta da Hausa, yadda iyaye za su ji in an karanta musu. Kowane labari a sa ranar da aka ji shi da wanda ya ba da shi, in dattawa biyu sun saɓa a rubuta duka biyu, kada malami ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi. Bayan shekara 10 makarantar da ta dage za ta tarad da tana da abin da ko jami'a ba ta da shi.

Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, musamman na Gwandu da Kalgo, muna tuna muku da cewa a zamanin En'e, kafin gyaran 1976, kowace gunduma tana da littafinta wanda a ke rubuta asalin garuruwa da jerin hakimai da kasuwanni, da yawansu kuma suna nan ajiye a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna. Aikin nan magabatanku ne suka taimaka aka yi shi da alƙalami da tawada, suna bin hakimi a kan doki. Ku da ke da babur da wayar hannu mai ɗaukar hoto, me zai gagare ku? A nemo kwafen waɗannan littattafai. A bi mazaɓu ɗai ɗai, Dalijan da Kambaza da Malisa da Dodoru da sauransu, a rubuta abin da kowace ta ke da shi. A bi sawun tsohuwar ganuwa a sa alama kafin ta ɓace. A kafa allo a gaban kowane wuri, da boko da ajami da Turanci, a rubuta abin da aka tabbatar kaɗai. Takardun malamai kuwa kada a raba su da masu su, a roƙi izini a ɗauki hotonsu a nan gidan, a bar musu abinsu. A sa ɗan kaso cikin kasafin kuɗi na shekara saboda wannan, ko da kaɗan ne, muddin ba a karkatar da shi ba.

Ga iyayenmu sarakuna da hakimai, ku ne mabuɗin. Dattijon da zai yi wa malami rowar labari, in ya ji hakimi ne ya aiko, sai ya shimfiɗa tabarma.

In an yi haka, baƙi za su zo da kansu, kuma ma ai suna nan tare da mu. Tun 2006 akwai jami'a a Aliero, tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi wadda mazauninta ke hanyar Kalgo, ɗalibai na zuwa daga kowane sashe na Nijeriya, su yi shekara 4 su tafi ba wanda ya nuna musu komai. Ga filin jirgin sama a Ambursa. Ranar da aka sami allo da hanya da saurayin da zai iya ba da labari daidai, mai abinci za ta yi ciniki, mai babur zai samu, mai saƙar tabarma da mai ginin tukwane za su samu. Amma kada mu sa ciniki gaba. Wanda bai san ɗakinsa ba, ba ya yi wa baƙo jagora a cikinsa.

Wanda ke shakkar abin da ƙaramin mafari ke iya zama, ya dubi Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi ziyara, bayan gabar da aka shafe yawancin ƙarni na 19 ana yi, aka shirya masa su don girmamawa. Wannan su na Matan Fada shi ne ya girma har duniya ta san shi, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gāda. A 1958 aka mai da tsohuwar fadar garin gidan tarihi na Kanta. Kufan Surame, birnin Kanta mai ganuwar dutse, wanda yanzu ke cikin Jihar Sakkwato, an sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Wannan ya kawo mu ga gargaɗi na ƙarshe ga malamai: in kun kai yara inda aka yi yaƙi, kada ku tā da tsohuwar gaba. Jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda suka tare suna zaune kan benci ɗaya a ajinku, jiharsu kuma ɗaya. Ku ba su labarin Malam Abdullahi, ku ba su labarin Kanta, ku nuna musu duka nasu ne, sa'an nan ku ƙare da labarin 1934.

Mu kam mun ɗauki namu rabon laifin, mun kuma ƙudura cewa duk ɗalibin da zai fita daga hannunmu ya zama malami, sai mun fita da shi ya taka ƙasar nan ya rubuta abin da ya gani. Saura ku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, dattawan nan kuwa ba za su jira mu har abada ba. Muna fata kafin damina ta faɗi a sami malami ɗaya da zai ɗauki yaransa da alƙalami su tafi gindin inuwar nan ta Dalijan, ko wata irinta a garinsu. Wanda ya yi, ya rubuto wa jaridar nan abin da ya samo, don na baya su gani su yi koyi. Allah ya ji ƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu bar wa na baya abin da za su tuna mu da shi. Amin.